Mugu da muguwa: jinsi da mallaka cikin zanen ƴan kallo

1. Gabatarwa

Wannan ɗan nazari ya shafi wani abu da bai cika shigowa cikin darussan kimiyyar harshe ba, wato zane-zanen da masu kallon fina-finai ke yi da hannunsu na mutanen da ke cikin labarin da suka kalla. Za mu kira su zanen ƴan kallo, domin a rarrabe su da zanen kamfanin da ya ƙago fim ɗin. Al'adar ta girmi intanet, tun da masoyan Star Trek a Amurka sun riƙa buga irin su cikin ƙananan mujallunsu tun ƙarshen shekarun 1960, amma ta yaɗu sosai ne bayan buɗe DeviantArt a 2000, da Tumblr da Pixiv a 2007. Michel de Certeau, cikin littafinsa na 1980, ya kwatanta mai karatu da mafaraucin da ke farauta cikin dajin da ba nasa ba, kuma wannan kwatanci ne Henry Jenkins ya ara a 1992 domin ya bayyana aikin ƴan kallo: suna shiga labarin wani, su ɗauko abin da suke so, su sarrafa shi yadda ya dace da su.

Daga cikin abubuwan da suke yawan ɗaukowa akwai mugun labari, kuma daga cikin abubuwan da suke yi masa akwai musanya jinsinsa: muguwa ta koma namiji, mugu ya koma mace. Wannan musanya ce ta ja hankalinmu, domin ta yi kama ƙwarai da wani gwaji da kowane ɗalibin kimiyyar harshe ya sani tun shekararsa ta farko.

2. Gwajin musanya

In muna son mu san ko k da ƙ ƙwayoyin sauti biyu ne a Hausa, sai mu ɗauki kalmar kafa, mu cire sautin farko, mu sa ɗan'uwansa, mu bar sauran yadda suke. Muka samu ƙafa, ma'ana ta sake, to bambancin yana aiki cikin harshen. Mai zanen da ya mai da muguwa namiji, ya bar mata launinta, da sandarta, da dabbar da ke bin ta, wannan gwajin yake yi ko da bai san sunansa ba. Abin dubawa shi ne mene ne ya sake tare da jinsin ba tare da an umarce shi ba.

Tambayar tana da nauyi dangance da nazarin tatsuniya. Vladimir Propp, wanda ya yi aiki bisa tatsuniyoyin Rasha 100 ya fitar da littafinsa a 1928, ya nuna cewa ayyuka 31 ne ke maimaituwa cikinsu, kuma masu aikata su sun kasu gida 7, mugu na ɗaya daga ciki. A ganinsa aikin shi ne tabbatacce. Shekarun mai aikin, da kamanninsa, da jinsinsa, duk tufafi ne da ake iya sakewa ba tare da ginin labarin ya motsa ba. In haka ne, sai a ce mayya da maye abu guda ne. Zanen ƴan kallo ya ba mu hanyar jarraba wannan magana.

Harshe kansa ya riga ya sa mana shakka. Hausa ba ta barin mai magana ya yi wa mutum guda magana ba tare da ya bayyana jinsinsa ba: kai ko ke, ka zo ko kin zo, alhali Faransanci na da tu ga kowa, sai a sifa ne jinsi ke fitowa. Wanda ya musanya jinsin mugu cikin labarin Hausa sai ya taɓa kusan kowace jimla, har da mahaɗi: mugun sarki, muguwar sarauniya. A jam'i ne kawai jinsin ke ɓacewa, miyagu su haɗa kowa. Wannan dai nahawu ne, kuma nahawu na da adalci, kowace siga da abokiyarta. A wajen kalmomi ne rashin daidaito ke bayyana. Tatsuniyoyinmu cike suke da kishiyar uwa da ke azabtar da marainiya, amma mijin uwa da wuya ya zama mugun tatsuniya. Faransanci ma haka: marâtre na nan da ranta, parâtre kuwa sai cikin ƙamus. Muna da mijin-ta-ce, ba mu da matar-ya-ce, domin ba a ɗauki wannan na biyu wani abin ba suna ba. Ke nan akwai gurabun mugunta da harshe ya keɓe wa mata tun kafin mai zane ya ɗauki alƙalami.

3. Abin da ke sakewa tare da jinsi

Mu ɗauki Ursula, muguwar La Petite Sirène na kamfanin Disney (1989). Mace ce mai ƙiba, mai kauri a murya, rabinta mutum rabinta dorinar ruwa mai hannuwa da yawa. Sanannen abu ne cewa masu zanen kamfanin sun ɗauko kamanninta daga Divine, wani ɗan wasan Amurka, namiji mai fitowa cikin shigar mata, wanda ya rasu a 1988. Wato ita kanta Ursula ƴar musanya ce tun asali. Sai a yi tsammanin wanda ya mai da ita namiji zai koma ga wannan ƙaton mutum. Ba haka ake yawan gani ba. Abin da ke fitowa galibi saurayi ne kyakkyawa, mai ƙirar ƙarfi ko siriri, mai murmushin yaudara. Ƙibar ta tafi, tsufan ya tafi, ba wanda ya ce su tafi. A nan gwajin ya nuna cewa waɗannan siffofi suna cikin abin da ya sa ake ƙyamar ta a matsayinta na mace, namijin kuwa ba ya bukatar su domin a ji tsoronsa. Kamfanin ma ya taɓa ramar da ita a 2012, cikin wasu ƴan tsana na ado da ya sayar, har abin ya jawo ƙorafi.

Misali mafi ƙarfi ya fito daga Japan. A watan Maris na 2020 aka fitar da wani wasan wayar salula mai suna Disney Twisted-Wonderland, wanda Yana Toboso ta zana mutanensa, inda aka ɗauki miyagun Disney, maza da mata, aka gina samari ƴan makarantar kwana bisa siffarsu. A nan kamfani ne ya bi sawun ƴan kallo, ya mai da wasansu haja. Wanda aka gina bisa Ursula, Azul, siririn yaro ne mai tabarau, gwanin ƙulla yarjejeniya, kuma an mai da ƙibar can cikin ƙuruciyarsa, ta zama abin da yake ɓoyewa. Wanda aka gina bisa sarauniyar nan mai yawan ba da umarnin sare kai ta Alice au pays des merveilles, Riddle, shugaban ɗalibai ne mai tsananin bin doka. To daga ina tsananin ya fito? Labarin wasan ya amsa: daga uwarsa, wadda ta tsara masa lokacinsa da abincinsa da karatunsa, ta hana shi abokai. An cire mace daga gurbin mugu, sai ga ta ta dawo ta bayan gida, a gurbin dalilin muguntar. Mu a ganinmu wannan ya fi kowane bayani nuna cewa Propp ya rena jinsi da ya lissafa shi cikin tufafi.

4. Sarauta da mallaka

Hausa na da kalmomi da dama inda Faransanci ke yawan wadatuwa da pouvoir: sarauta, mulki, iko, mallaka. Sarauta ana naɗa ta a bainar jama'a, da tambari da rawani. Mallaka kuwa, in an faɗe ta game da mutum, ana nufin an juya shi har ya daina aiki da ra'ayinsa, kuma kowa ya san wa ake zargi da ita cikin gida: matar da aka ce ta shiga malamai da bokaye ta mallake mijinta. Wannan rabo ya taimaka mana wajen duba miyagun fina-finan zane.

Jafar na Aladdin (1992) waziri ne mai son kujerar sarki. Sikar na Le Roi lion (1994) ya kashe wansa domin gadon sarauta. Hanyarsu miƙaƙƙiya ce. Ursula ma kambin sarki Tiriton take so, kada a manta da wannan, amma ba ta da hanyar kai wa gare shi sai ta jikin ƴarsa: ta ƙulla da yarinyar yarjejeniyar kwana 3, ta karɓi muryarta a matsayin biya. Waɗanda suka kasa cika alkawari kuma takan mai da su wasu ƙananan halittu marasa baki ta dasa a ƙofar kogonta. Ga masanin harshe abin lura ne cewa murya ce aka ƙwace. Carmen Fought da Karen Eisenhauer, da suka ƙidaya maganganun fina-finan ƴaƴan sarakuna na Disney, sun sanar a 2016 cewa maza ne ke da kashi 68 cikin 100 na maganar wannan fim, ko da yake sunan yarinya yake ɗauke da shi.

Akwai wasu biyu da suka yi kama da kafa da ƙafa, ba tare da wani ɗan kallo ya sa hannu ba: Furolo na Le Bossu de Notre-Dame (1996) da Gotel ta Raiponce (2010). Kowannensu ya riƙe ɗan da ba nasa ba, ya kulle shi a saman hasumiya, shi shekara 20, ita shekara 18. Kowannensu ya cusa wa yaron cewa duniyar waje mugun wuri ce. Kowannensu daga saman ginin ya faɗo a ƙarshe. Amma Furolo alƙali ne a fim ɗin (a littafin Victor Hugo na 1831 babban malamin coci ne), yana da doki, da sojoji, da ikon sa wa gidajen birnin Pari wuta. Kulle Kazimodo ƙaramin sashe ne na ikonsa. Gotel ba ta da komai sai bakinta: yabo da ba'a cikin numfashi guda, tsoratarwa cikin sigar tausayi. Kazimodo na kiran nasa ubangida, Raifons na kiran tata uwa, kuma wannan kalmar kira ita ce sarƙar. Ana iya guje wa ubangida a ce an tsira; wadda ta guje wa uwa sai ta ji ta yi laifi, kuma fim ɗin ya nuna yarinyar tana murna tana kuka bi da bi ranar da ta fara taka ƙasa. Mai zanen da ya mai da Gotel namiji yakan samu kansa da wani abu dabam a hannu: ƙaton mutum da ya kulle budurwa, wato labarin sata da tsare mutum, wanda ba ya bukatar wata dabarar magana.

5. Karaba

Muguwar da ta fi kusa da mu, kuma ta fi cancantar a daɗe a kanta, ita ce Karaba ta Kirikou et la Sorcière, fim ɗin Michel Ocelot da ya fito a Faransa a watan Disamba na 1998, ya ci babbar kyautar bikin Anesi a 1999. Ocelot ya yi wani sashe na ƙuruciyarsa a Gine. A Dakar aka ɗauki muryoyin, Awa Sène Sarr ce ta ba Karaba murya, Youssou N'Dour ya yi kiɗan. Yaron da ke magana tun yana ciki ya haifi kansa ba baƙo ba ne a tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, kuma Izé-Gani na Boubou Hama, wanda aka buga a 1985 bayan rasuwar marubucin, daga wannan dangi yake.

Matsalar farko ta fassara ce. Da wace kalmar Hausa za a mai da sorcière? Mutanen ƙauyen sun yi imani cewa Karaba ta cinye mazajensu, don haka a bakinsu mayya ce, kuma a wurin Bahaushe maita a nono ake shan ta, wato abu ne na jini, ba a tambayar dalilinsa. Denise Paulme ta yi nazarin wannan siffa ta mace mai haɗiye mutane cikin La Mère dévorante (1976). Amma da Kiriku ya kai ga kakansa, tsohon da ke bayan dutse, sai ya ji cewa ba ta ci kowa ba. Ta dai mai da mazan gumaka masu yi mata bauta: wannan ya tsaya bisa rufin ɗaki yana leƙen duk abin da ke motsi, wancan ya je ya karɓo zinariyar mata. Ba ita ce ma ta ƙafar da idon ruwan ƙauyen ba. Ta bar mutane ne su zaci haka, domin tsoronsu na ƙara mata ƙarfi. Ke nan fim ɗin ya fara da maita ya ƙare da mallaka, kuma rabin ikon Karaba magana ce da wasu ke yi a kanta.

Abin da ya bambanta Kiriku da kowa a ƙauyen shi ne ya ƙi daina tambayar dalilin muguntarta. Amsar ita ce ƙaya mai dafi da wasu maza suka danne ta suka kafa mata a tsakiyar baya, inda hannunta ba ya kai wa, wadda ke cin ta dare da rana, kuma wadda ita ce tushen tsafinta. Ocelot ya bayyana cewa ƙayar na nufin cutar da maza ke yi wa mata, kuma manyan da suka kalli fim ɗin ba su kasa gane cewa fyaɗe ake nufi ba. Shekara 16 bayan haka Disney ta bi irin wannan hanya da Malefik. A fim ɗin 1959 dalilinta bai wuce an ƙi kai mata goron suna ba. A na 2014 masoyinta ne ya ba ta abin barci ya yanke mata fukafukai domin ya samu sarauta, kuma Angelina Jolie ta faɗa a gidan rediyon BBC a wannan shekara cewa fyaɗe ne aka misalta.

Wannan sauyi na da amfani, ba mu musa ba. A ƙasashen da har yanzu ake iya nuna tsohuwa da yatsa a ce mayya ce, a kore ta ko a yi mata abin da ya fi haka, fim ɗin da ke koya wa yaro ya tambayi dalili kafin ya ɗauki dutse ya yi aiki babba. Wurin da ya fi tsoratarwa cikin Kiriku ma shi ne na ƙarshe, inda mutanen ƙauye suka taso wa Karaba bayan ta warke, ba ta da sauran abin kare kanta, har sai da mazajen da aka ce ta cinye suka dawo da ransu.

To amma bayanin na da farashi, kuma gwajin musanya ne ke fito da shi. Jafar da Sikar, a fina-finansu na 1992 da 1994, ba wanda ya nemi a nuna masa ƙayarsu. An yarda cewa namiji na iya son iko don iko. Ko inda aka ba mugu namiji tarihi, kamar Joker na 2019, raunin ya sa shi ya zama abin tsoro ne, ba a kuma warkar da shi ba. Ita kuwa muguwa, da zarar an ce ikonta ƙaya ce da maza suka kafa, to ikon ya zama ciwo, kuma ya zama ba nata ba ne tun farko. Maganin ciwo cirewa. Kiriku ya sace kayan adonta ya binne, ta duƙa tana tono, ya cire ƙayar da haƙoransa. Zafin ya tafi, itatuwa suka yi fure, tsafin ma ya tafi. Malefik ta 2014 ta samu fukafukanta ta koma da ƙarfinta. Karaba ta samu lafiya da miji. Gaskiya ne ta fara ƙin auren, tana mai cewa ba za ta zama baiwar kowa ba, kuma Ocelot ya yi kyau da ya sa mata wannan a baki. Sai dai sumba guda ta mai da jinjirin cikakken namiji, gardamar ta ƙare a nan.

Yanzu mu yi wa labarin abin da ƴan kallo ke yi. A ce wani boka ne ya kwashe matan ƙauye ya mai da su gumakan da ke yi masa hidima. A ce wata jinjira ce ta cire masa ƙaya. A ce ya sumbace ta, ta girma nan take, ya aure ta. Ba uban da zai zaunar da ƴaƴansa gaban wannan fim. Ayyukan Propp suna nan daram, ba wanda ya motsa daga gurbinsa, amma labarin ya zama abin ƙyama. Kwashe matan zai zama laifin da ba ƙayar da za ta wanke shi, auren kuma zai zama ci gaban mallakar, alhali a fim ɗin Ocelot auren ne alamar cewa mallakar ta ƙare. Wato abin da ake kira warkewa a wajen Karaba ya haɗa da komawa gurbin da ƙauyen ya tanadar wa mata.

Shi kansa Ocelot bai iya rabuwa da Karaba mai ƙaya ba. Fina-finai biyu da suka biyo baya, na 2005 da na 2012, ba su ci gaba daga auren ba. Sun koma lokacin da Kiriku ke jinjiri, ita kuma tana cikin bukkarta da gumakanta. Ƴan kallo ma ita suke zanawa, ita suke kwaikwayon shigarta a bukukuwa: tsaye ƙyam, fuska a murtuke, zinariya a wuya da hannu da ƙirji. Ƙirjin nan ya taɓa zama abin gardama, domin masu rarraba fina-finai, hususan a Amurka da Ingila, sun so a rufe wa matan fim ɗin jiki, Ocelot ya ƙi, abin da ya rage wa fim ɗin kasuwa a can. Mai zanen yau na fuskantar wannan tambaya da kansa, tun da dandamali irin su Instagram na da dokoki game da tsiraici, Tumblr ma ta tsananta nata a ƙarshen 2018 kafin ta sassauta a 2022. Wani ya ɗaura mata zane har ƙirji, wani ya ƙara yawan sarƙoƙin su rufe, wani kuma ya juya ta ya zana ta ta baya, inda ƙayar take.